Manhajar Laws of the Game ta IFAB: abin da take ba alƙalin wasa da inda take tsayawa

Manhajar Laws of the Game ita ce hanyar da hukumar IFAB, wadda ke da alhakin tsara dokokin ƙwallon ƙafa, ta bi domin sanya kundin dokokin wasan a cikin wayar salula. Kyauta ake sauke ta, a wayar Android ko a iPhone, kuma rubutun da ke cikinta shi ne ainihin wanda alƙalin wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya yake aiki da shi, babu taƙaitawar ɗan jarida ko ƙarin gishirin mai sharhi. Na daɗe ina amfani da ita wajen shirin alƙalancin wasannin matasa, kuma hukuncina a kanta bai sauya ba: duk wanda zai rataya usur a wuya ya zama dole ya mallake ta, amma wanda ya ɗauka cewa haddace ta kaɗai zai mayar da shi rafali, ranar farko da ya shiga fili zai gane cewa sana'ar ta fi rubutun faɗi.

Darajar manhajar ta samo asali ne daga mai ita. An kafa IFAB a 1886, kuma mambobinta su ne hukumomin ƙwallo na Ingila da Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa, sai FIFA da ta shiga a 1913. Kowace daga cikin huɗun nan tana da ƙuri'a ɗaya, FIFA tana da huɗu, kuma ba a sauya doka sai an sami ƙuri'a shida daga cikin takwas. Ana zaman shekara-shekara a watan Fabrairu ko Maris, sababbin dokoki kuma su fara aiki ranar 1 ga Yuli, ko da yake gasar da ta riga ta fara tana iya jinkirtawa zuwa kakarta ta gaba. Ma'anar wannan ga mai karatu ita ce abin da ya gani a manhajar ba ra'ayin kowa ba ne, shi ne dokar kanta.

Abin da ke ciki shi ne dokoki 17, tun daga ma'aunin fili da ƙwallo har zuwa bugun kusurwa, sai ƙa'idojin amfani da VAR, wato na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙali, sai jerin ma'anonin kalmomi, sai sashen shawarwari na aiki ga alƙalai, sai kuma bayanin sauye-sauyen kowace kaka tare da dalilin da ya sa aka yi su. Wannan sashe na sauye-sauye shi na fi yawan buɗewa, domin babbar matsalar alƙalan ƙananan gasanni ba rashin sanin doka ba ce gaba ɗaya, riƙe tsohuwar doka ce bayan an shafe ta. Tun 2019 ba a bukatar ƙwallo ta fita daga yadi na 18 kafin abokin wasan mai tsaron raga ya taɓa ta a bugun gida, amma har yanzu akan ga rafali a filin unguwa yana busa usur a sake bugawa. A shekarar ce kuma aka ce ɗan wasan da aka canza ya fita ta layin da ya fi kusa da shi, aka ba alƙali damar nuna wa koci katin gargaɗi ko jan kati, aka hana 'yan wasan da ke kai hari cusa kansu cikin katangar da ta kai mutum uku, sai sun ba da tazarar mita ɗaya. A kakar 2025/26 aka maye gurbin tsohuwar dokar daƙiƙa shida, wadda kusan babu alƙalin da yake aiki da ita, da sabuwa: mai tsaron ragar da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa takwas za a ba abokan hamayya bugun kusurwa, alƙali kuma yana ƙirga biyar ɗin ƙarshe da yatsunsa a sama kowa yana gani. Wanda ya dogara da littafin da aka ba shi ranar da ya yi kwas shekaru goma da suka wuce, duk waɗannan sun wuce shi.

Doka ta 12, wadda ta shafi ƙeta da rashin ɗa'a, ita ce zuciyar aikin, kuma a nan ne manhajar ta fi nuna amfaninta da kuma iyakarta a lokaci guda. Ta raba ƙeta gida uku. Idan ɗan wasa ya yi sakaci kawai wajen neman ƙwallo, bugun tazara ne babu kati. Idan ya yi ganganci, bai damu da abin da zai sami abokin karawarsa ba, katin gargaɗi ne. Idan kuwa ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima har ya jefa lafiyar ɗan'uwansa cikin haɗari, jan kati ne. A rubuce rabon a bayyane yake, kuma yaron da ya karanta sau biyu zai iya maimaita shi. Sai dai babu wani layi a cikin manhajar da zai gaya wa mutum inda ganganci ya ƙare, inda ƙarfin da ya wuce kima ya fara, a cikin rabin daƙiƙa, ƙafafu huɗu suna haɗuwa, ƙura tana tashi. Howard Webb na Ingila, wanda ya yi alƙalancin wasan ƙarshe na kofin duniya na 2010 tsakanin Sifaniya da Netherlands, ya san dokar nan kamar sunansa, amma da Nigel de Jong ya ɗora wa Xabi Alonso ƙafa a ƙirji katin gargaɗi ya ba shi, daga baya kuma shi da kansa ya ce jan kati ya dace, inda ya tsaya ne bai ba shi damar ganin abin sosai ba. Wato abin da ya ci shi matsayi ne a fili, ba ƙarancin karatu ba.

Haka batun hana damar cin ƙwallo ta zahiri yake. Manhajar ta lissafa abubuwa huɗu da alƙali zai auna: nisan wurin daga raga, inda wasan ya dosa, yiwuwar ɗan wasan ya riƙe ƙwallon ko ya same ta, da kuma yawan 'yan baya da inda suke tsaye. Ta kuma bayyana sassaucin da aka shigar a 2016, cewa idan ƙetar ta faru a cikin yadi na 18 yayin ƙoƙarin buga ƙwallo kuma aka ba da fenareti, katin gargaɗi ya wadatar, amma wanda ya ja riga ko ya ture ko ya riƙe, jan katinsa yana nan. Na ga amfanin wannan jeri ƙwarai, domin yana ba sabon alƙali tambayoyin da zai yi wa kansa maimakon ya bi ihun 'yan kallo. Amma dole ya zama ya riga ya ɗauki hoton inda kowa yake a zuciyarsa tun kafin ya busa, domin da zarar usur ya tashi 'yan baya za su ruga su cika wurin, kowanne yana nuna kansa yana rantsuwa cewa yana nan tun farko.

Dokar taɓa ƙwallo da hannu ita ce wadda ta fi jawo gardama, kuma ba zan ce manhajar ta kashe gardamar ba, domin IFAB ɗin kanta ta yi ta gyara kalmomin dokar tsakanin 2019 da 2021. Abin da ke rubuce shi ne hannu yana farawa ne daga ƙasan hammata, kuma ba kowace taɓawa ce laifi ba. Laifi ne idan da gangan aka yi, ko idan ɗan wasa ya ware hannu ya ƙara wa jikinsa faɗi ta hanyar da motsinsa bai bukata ba, ko idan ya ci ƙwallo da hannun kai tsaye ko nan take bayan ta taɓa hannunsa, ko da bisa kuskure ne. Masu kallo a Najeriya ba su manta wasan Najeriya da Ajantina a kofin duniya na 2018 a Saint Petersburg ba, lokacin da Marcos Rojo ya sa wa ƙwallo kai ta faɗo a hannunsa a cikin yadi na 18, alƙali Cüneyt Çakır na Turkiyya ya je ya duba allo ya dawo ya ce babu fenareti, sannan Rojon ya ci ƙwallon da ta fitar da Najeriya. Wanda ya karanta dokar a natse zai fahimci dalilin alƙalin ko da zuciyarsa ba ta so, kuma wannan ma wani amfani ne, domin tana raba mutum da zaton cewa duk hukuncin da bai yi masa daɗi ba zalunci ne.

Sashen VAR a taƙaice yake kuma ya isa. A tsarin da aka shigar cikin dokoki a 2018, na'urar tana sa baki ne a kan abubuwa huɗu: ƙwallo ta ciyu ko ba ta ciyu ba, fenareti, jan kati na kai tsaye, da kuma ba wani ɗan wasa kati a madadin wanda ya yi laifin, kuma sai idan kuskuren a fili yake ƙarara ko an tsallake wani babban abu. Hukuncin ƙarshe yana hannun alƙalin da ke fili. Wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka a Bouaké, a watan Fabrairun 2024, misali ne da ya cancanci a koyar da shi: Victor Osimhen ya ci Afirka ta Kudu, ana murna, sai alƙali Amin Omar na Masar ya duba allo ya soke ƙwallon, ya ba Afirka ta Kudu fenareti a ɗaya ragar saboda ƙetar da aka yi wa Percy Tau a farkon harin. Mutane da yawa sun ɗauka sabon abu aka ƙirƙiro a daren, alhali ƙa'idar komawa farkon harin da ya haifar da ƙwallo tana rubuce a manhajar. Ga alƙalin da ke aiki a filin da babu ko kyamara ɗaya, wannan sashe na ilimi ne kawai, kuma ba laifi ya wuce shi da sauri.

Sashen da nake ganin ya fi kowanne daraja ga mai son sana'ar, kuma shi aka fi tsallakewa, shi ne na shawarwarin aiki da ke ƙarshe. A nan ne aka yi bayanin yadda alƙali yake gudu a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa domin wasa ya kasance tsakaninsa da mataimakinsa mai ɗaga tuta, da inda zai tsaya a bugun kusurwa da fenareti da bugun tazara, duk da zane. An bayyana cewa matsayi mafi kyau shi ne wanda daga shi alƙali zai iya yanke hukunci daidai, kuma abin da ya kamata ya gani ba kullum yake kusa da ƙwallo ba, domin naushi da zagi sukan faru ne a inda ido ya bari. An yi magana a kan usur, lokacin da ake bukatarsa da lokacin da ba a bukata, tare da gargaɗin cewa yawan busawa yana rage masa kwarjini a lokacin da ake son a ji shi. An yi magana a kan barin wasa ya ci gaba idan ƙungiyar da aka yi wa ƙeta za ta fi amfana, da damar da alƙali yake da ita ta dawo da wasan baya idan amfanin bai samu ba cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wannan ƙwarewar ta haƙuri, ta riƙe numfashi da usur a baki, ita ce ke bambanta gogaggen rafali da ɗan koyo, kuma na yaba da cewa an ba ta wuri. Ƙorafina shi ne sashen ya yi gajere idan aka kwatanta da nauyinsa, kuma zane a tsaye ba ya iya nuna yadda 'yan wasa ashirin da biyu suke sauya wuri a cikin ƙiftawar ido.

Doka ta 5 ta ambaci kayan da suka wajaba alƙali ya shiga fili da su: usur, agogo, jan kati da katin gargaɗi, da abin rubutu. Mutum zai iya karanta wannan ya wuce yana ganin ƙaramin abu ne, sai ya tuna Graham Poll, ɗaya daga cikin manyan alƙalan Ingila a zamaninsa, wanda ya nuna wa Josip Šimunić na Kuroshiya katin gargaɗi har sau uku kafin ya kore shi a wasansu da Ostireliya a gasar kofin duniya ta 2006, saboda kuskuren da ya yi wajen rubuta sunan wanda ya ba kati. Daga nan aikinsa a gasar ya ƙare. Janny Sikazwe na Zambiya kuma ya busa tashi a minti na 85 a wasan Tunisiya da Mali a Limbe a watan Janairun 2022, aka ci gaba, ya sake busawa kafin minti 90 ya cika, daga baya aka ce zafin rana ne ya buge shi har aka kai shi asibiti. Duk su biyun sun san doka. Abin da ya kuɓuce musu natsuwa ce da lafiyar jiki, kuma waɗannan babu manhajar da take ba da su.

A kan lafiyar jikin, manhajar ba ta ɗauki nauyin horar da kowa ba, kuma ya kamata mai sauke ta ya san haka tun farko. Alƙali a babban wasa yakan yi tafiyar kilomita 10 zuwa 12, yawancinta a gudu da juyi da ja da baya. Gwajin FIFA ga alƙalai maza na ƙasa da ƙasa ya ƙunshi tseren mita 40 sau shida, kowanne cikin daƙiƙa shida, sannan gudun mita 75 cikin daƙiƙa 15 da tafiyar mita 25 cikin daƙiƙa 18, ana maimaitawa sau 40. Wanda ya faɗi wannan gwaji, ko ya haddace dokoki 17 daga farko har ƙarshe, ba za a ba shi wasa ba. Haka kuma manhajar ba ta ba da takardar shaida. Hanyar sana'ar ta hukumar ƙasa take bi: a Najeriya mutum yana farawa ne da kwas a ƙarƙashin ƙungiyar alƙalan wasa ta ƙasa a jiharsa, ya hau matakai daga wasannin matasa zuwa ƙananan rukunai zuwa Firimiyar Najeriya, sannan hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta miƙa sunansa ga FIFA, wadda take sabunta jerin alƙalanta kowace shekara kuma ba ta karɓar alƙalin tsakiya da bai kai shekara 25 ba. Tafiya ce mai tsawo, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka kai ƙololuwa suna da wata sana'ar a gefe. Webb ɗan sanda ne, Said Belqola na Maroko kuwa, ɗan Afirka na farko da ya yi alƙalancin wasan ƙarshe na kofin duniya, a 1998 tsakanin Faransa da Brazil, jami'in kwastam ne. Ingila ma sai a 2001 ta mayar da manyan alƙalanta ma'aikata masu albashi.

Akwai kuma abin da ya fi gudu da karatu nauyi, wato riƙon amana. FIFA ta haramta wa Joseph Lamptey na Ghana alƙalanci har abada a 2017 saboda fenaretin da ya ba Afirka ta Kudu a kan Senegal a wasan neman gurbin kofin duniya, inda ƙwallon ta bugi Kalidou Koulibaly a ƙafa aka ce hannu ne, kuma aka sake buga wasan gaba ɗaya. Ban kawo wannan a matsayin aibin manhajar ba, domin ba aikinta ba ne. Na kawo shi ne saboda dokar da ta ce hukuncin alƙali a kan abin da ya faru a fili shi ne na ƙarshe ta ɗora wa mutum ɗaya iko mai yawa, kuma matashin da yake karanta ta ya kamata ya ji nauyin a kafaɗarsa kafin ya ji daɗin ikon.

Wani sashe da masu shirya gasannin unguwa da na makarantu za su amfana da shi shi ne na sassaucin da aka ba hukumomin ƙasa a wasannin yara da na tsofaffi da na masu bukata ta musamman da na ƙananan matakai. An yarda a rage girman fili da raga da nauyin ƙwallo da tsawon lokaci, a bar wanda aka canza ya sake dawowa, a kuma yi amfani da korar wucin gadi maimakon katin gargaɗi. Doka ta 7 ta ba da damar hutun shan ruwa da bai wuce minti ɗaya ba, da hutun shan iska na daƙiƙa 90 zuwa minti uku idan zafi ya tsananta, abin da duk mai busa wasa da yamma a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi ya kamata ya sani. Sai dai ƙa'idojin kowace gasa daban suke, kamar yawan canji da yadda za a raba gardama idan an tashi kunnen doki, kuma ba a cikin manhajar suke ba, dole alƙali ya karɓe su daga masu gasar kafin ya shiga fili.

Babban aibin manhajar a wurinmu shi ne harshe. Harsunan IFAB na hukuma huɗu ne, Turanci da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci. Ɗan Nijar ko Kamaru ko Chadi zai karanta Faransanci, ɗan Najeriya ko Ghana ya karanta Turanci, amma salon rubutun irin na lauyoyi ne, jimla ɗaya takan ɗauki sharuɗɗa uku ko huɗu, kuma a dokar satar gida bambancin da ke tsakanin ɗan bayan da ya buga ƙwallo da gangan da wanda ta goge shi kawai ta wuce yana rataye ne a kan 'yan kalmomi. Matashi mai kaifin ido da ƙarfin gudu, wanda bokonsa bai yi nisa ba, zai sha wahala da waɗannan shafuka, alhali irinsa ne suke busa mafi yawan wasannin da ake bugawa a garuruwanmu. Abin da na ga yana aiki shi ne a zauna rukuni-rukuni, wanda ya fi ƙwarewa ya karanta doka guda ya warware ta da Hausa, a kawo abin da ya faru a wasan makon jiya a auna shi da ita, sannan a fita fili a gwada tsayuwa da gudu. Aikin fassara kundin zuwa Hausa bisa izinin IFAB yana jiran hukumomin ƙwallo na Najeriya da Nijar da ƙungiyoyin alƙalansu, kuma fassarar za ta bukaci a riƙa sabunta ta kowane watan Yuli.